Ruwan da bai kamata a zubar ba

Rigar mama ce ta fara ba ni labari. Wata Juma'a cikin watan Rajab na 1444, farkon 2023 ke nan, ina shirin zuwa barka a unguwar Karantina a nan Jidda, na saka rigar da na saba sakawa kullum, sai ɓangaren hagu ya ƙi zama. Na cire na sake ɗaurawa, haka dai. Na tsaya gaban madubi na ga hagun ya ɗara daman, ya yi tsam kamar an hura shi. Babu zafi, babu ja, babu zazzaɓi. Da a ce maman da Allah Ya halitta mini ne, da na ce ko al'ada ce ke tafe. To amma wannan ɓangaren tun 2014 babu mama a wurin. Roba ce, kuma roba ba ta girma.

Haihuwar Kano ce ni, aure ya kawo ni Jidda a 2001. Maigidana yana aiki da wani kamfani a tashar jiragen ruwa, a ƙarƙashin igamarsa nake, wato takardar izinin zama, da ta'amin ɗin wurin aikinsa, wato inshorar lafiya, nake zuwa asibiti. Inna kuma ta daɗe a Makka wajen yayana, can Sharar Mansur. A 2014 aka gano ina da kansar mama. Aka cire na hagu gaba ɗaya, na sha kimawi, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, gashina ya zube ya dawo. Wannan labarin na wata rana ne.

Da jiki ya yi ƙwari sai likitar tiyata ta kawo maganar a gina mini wani. Larabawa hashwa suke ce mata, mu a gida roba muke cewa. Shekarata talatin da takwas a lokacin, ina cusa tsumma a riga, kuma duk sanda na yi ruku'u a masallaci sai hannuna ya kai ƙirji don kada ya goce. Na so a yi. Inna ce ta ƙi.

"Ke da Allah Ya tsamo ki daga bakin kabari, za ki koma ki canza halittarSa?"

"Inna, ai halittar ce aka yanke. Mayarwa za a yi."

Ba ta sauko ba sai da yayana ya kai maganar gaban malaminsu. Malam ya kawo hadisin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya yi na azurfa ya yi wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya yi na zinariya. Ya ƙara da cewa majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, wadda ofishinta ke nan Jidda, ta zauna a Malesiya a 2007 ta halatta sake gina mama ga wadda aka cire wa. Inna ta ce to, Allah Ya sa a dace. Ban da haushin kowa a kan wannan. Fatawar daidai ce, kuma ko yau aka tambaye ni haka zan ce.

Aikin hawa biyu ne. Da farko aka saka mini wata jaka mara komai a ƙarƙashin naman ƙirji, duk bayan mako biyu in je a ɗura mata ruwan gishiri da allura, fata tana miƙewa a hankali. Ranar ɗuri ba na iya kwana ta gefen hagu. Bayan wasu watanni, a 2015, aka cire jakar aka saka ta dindindin.

Kafin nan likita ta ajiye mini samfuri biyu a tebur ta ce in taɓa. Ɗaya zagayayya ce, sumul kamar ƙwan da aka ɓare. Ɗayar siffar ɗigon ruwa gare ta, sama siriri ƙasa cike, bayanta kuwa kaushi-kaushi kamar harshen kyanwa. Ta ce mai kaushin ta fi kama da mama na gaske, kuma kaushin ne ke sa ta kama nama kada ta juya. Na zaɓe ta. Ranar sallama wata nas 'yar Filifin ta miƙo mini ɗan kati kamar na banki, da sunan kamfani da lamba da girman robar, ta ce in adana. Na jefa shi cikin jakar da muke ajiye fasfo da takardun haihuwar yara, na manta da shi.

Shekara huɗu ina zaune lafiya. Sai a ƙarshen Yulin 2019, ana hada-hadar aikin Hajji, gidan cike da baƙi daga Kano, babbar 'yata ta shigo kicin da waya a hannu. Ta ce, "Umma, wace irin roba aka saka miki?" Ta karanta mini cewa ranar 24 ga wata hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta nemi kamfanin Allergan ya janye robobinsa masu kaushi samfurin Biocell, kamfanin kuma ya janye su daga kasuwannin duniya. Dalili, an ƙirga mata 573 da suka kamu da wata kansa da ke fita a jikin robar, 33 sun rasu, kuma 481 daga cikin waɗanda suka kamu robar wannan kamfanin ce a jikinsu. Faransa ma tun a watan Afrilun shekarar ta hana saka masu kaushi sosai.

Na bar tuwo a wuta na je na zazzage jakar fasfo. Katin na nan, ya maƙale a bayan tsohuwar igama. Sunan wani kamfani ne daban. Na yi hamdala, na koma na ci gaba da tuƙi. Bayan Hajji na tambayi likita a mau'idina na shekara, wato ranar da aka sa mini in koma asibiti, ta ce hukumomin ba su ce macen da ba ta da wata alama ta cire ba, domin shi kansa aikin cirewar yana da nasa haɗarin. Ta ce in dai na ga kumburi ko ƙullutu ko sauyin siffa, in zo da gaggawa. Gaskiya ta faɗa mini. Ni ce na riƙe rabin farko na maganar, na bar rabin ƙarshe ya bi iska. A raina na riga na yanke cewa tunda ba wancan kamfanin ba ne, ba da ni ake ba.

Shi ya sa ranar da na ga kumburin a madubi, kansa ba ta zo mini a rai ba. Na ɗauka robar ce ta fashe. Kuma maimakon in koma babban asibitin da aka yi mini aiki, inda mau'idi kan ɗauki makonni, sai na tafi wani ƙaramin asibiti da suke kira mustausaf kusa da gida. Aka yi mini hoton da suke kira ashi'a talfaziyoniyya, irin wanda ake duba masu ciki. Likitan ya ce robar lafiya lau, ruwa ne kawai ya taru a kewayenta. Ya kawo babban sirinji ya zuƙe. Ina kallo ya cika shi sau huɗu, ruwa rawaya-rawaya mai ɗan duhu, kamar ruwan tsamiya da aka tace. Ya juye a wani kwano na silba, nas ta ɗauka ta zubar a wurin wanke hannu, ta sake famfo a kai. Ya rubuta mini maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako guda. Na fito ƙirji sakayau, har ina sa masa albarka.

Kafin watan Sha'aban ya ƙare ruwan ya dawo. Zuwa goman farko na azumi ya fi na da, har ina jin nauyinsa idan na sunkuya ɗaukar tukunya. Na yi niyyar in koma a sake zuƙewa bayan Salla. 'Yata ce ta tsaya kai da fata. Ita ta kira babban asibiti, ita ta faɗa musu kalmomin da suka sa aka matso da mau'idin: roba mai kaushi, shekara takwas, kumburi a ɓangare ɗaya. Aka ce mu zo bayan tarawi, don a azumi da dare asibitocin nan suke cika.

Daktura, likitar da ta duba ni a can, ta saurare ni har na kai wurin kwanon silba. Sai ta ajiye biro.

"An kai ruwan tahalil, an gwada shi?"

"A'a, Daktura. Zubarwa aka yi."

Ta yi shiru, ta ce la haula. Ba ta zagi kowa ba, amma na ga fuskarta. Ta ce duk macen da ke da roba, idan ruwa ya taru mata bayan an shekara da yin aiki, ba a zubar da shi sai an bincika. Yawanci ba kansa ba ce, kan zama buguwa ko ƙwayar cuta ko robar ta tsage. Amma hanyar da za a bambance ita ce wannan ruwan, kuma zuƙar farko ta fi daraja domin ita ta fi yawan ƙwayoyin da ake nema. Wadda aka sha zuƙe wa, ruwanta kan tsinke, gwaji ya fito babu komai alhali akwai.

A daren ta ɗauki takarda ta zana mini abin da ban taɓa sani ba cikin shekara takwas da nake yawo da shi. Duk baƙon abu da aka saka wa jiki, jiki kan saƙa masa wani tantani ya lulluɓe shi, kamar yadda ake yi wa matashin kai riga. Wannan ba ciwo ba ne, kowace mai roba tana da shi. Tsakanin tantanin da robar ne ruwan ke taruwa, kuma a nan ne wannan kansar ke tsirowa. Sunanta a takarda BIA-ALCL. Ta nanata mini cewa ba kansar mama ba ce, ba kuma tsohuwar tawa ce ta dawo ba. Limfoma ce, kansar ƙwayoyin garkuwar jiki, sojojin da ke cikin jini. Masu bincike suna danganta ta da yadda kaushin robar ke ta tsokanar waɗannan sojoji shekara da shekaru, da ƙwayoyin cuta da ke maƙalewa a ramukan kaushin, da kuma yanayin halittar ita macen. Tun 1997 aka fara rubuta labarin mace ta farko, FDA ta yi gargaɗi a 2011, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtuka a 2016. Galibi bayan shekara bakwai zuwa goma take bayyana. Na ce mata ai tawa ba ta kamfanin da aka janye ba ce. Ta ce kaushin ake dubawa kafin suna, wasu sun fi wasu haɗari amma duk mai kaushi ana sa mata ido. Ta tambayi katin. Da na fito da shi ta ɗauki hotonsa ta ce na rage mata aikin mako guda.

Washegari da dare aka sake zuƙa, wannan karon likitan hoto ne ya yi, idonsa a kan allo don kada allura ta huda robar. Ya ce ana son aƙalla mililita 50, ni kuwa na ba su ninkin haka da yawa. Aka rarraba a kwalabe aka manna sunana, aka rubuta a takardar cewa a nemi wata alama mai suna CD30. Wannan rubutun shi ne kan gaba, domin idan ba a rubuta ba, masu gwaji za su duba ƙwayar cuta ne kawai su ce babu.

Kwana tara na jira, kuma suka faɗo cikin goman ƙarshe. Ban gaya wa Inna ba. Na je Makka a jirgin ƙasa na Haramaini na yi umara a daren 25, cikin wannan turmutsutsun, hannuna na hagu a naɗe a ƙirji kada a buge ni. Na kwana a wajenta. Da asuba tana shafa mini zamzam a ka kamar yadda ta saba, ta ce na rame. Na ce azumi ne. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura, ni kuma ba tsumma nake gani ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba mutuwa ba ce. Kimawi ne. Warin ɗakin, ɗacin baki, yadda ruwan sha ke komawa kamar an jiƙa ƙusa a ciki.

Ana saura kwana biyu Salla aka kira mu. Na tafi da maigida, wanda nake ce wa Malam. Daktura ta ce CD30 ta fito, wata alamar kuma da ake kira ALK ba ta fito ba, haɗuwar biyun ita ce shaidar cutar. Malam ya yi salati a hankali. Ni dariya ce ta kuɓuce mini, irin wadda ba ta daɗi ba. Na ce tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare. 'Yar fassarar da Malam ya yi mata da Larabci ba ta shige ta ba, ta dai yi murmushi. Sannan ta ce in saurara da kyau: idan cutar tana cikin ruwa da tantani kaɗai, ba ta zama ƙullutu ba, ba ta kai kaluluwar hammata ba, tiyata ita ce maganin, kuma mafi yawan mata a wannan matakin suna warkewa ba tare da kimawi ba.

Bayan Salla aka yi hoton da ke duba jiki duka, PET. Na yi awa shida ban ci komai ba, aka yi mini allurar wani sikari mai haska ƙwayoyin kansa, aka ce in kwanta awa guda kada in yi motsi ko surutu. Ya fito babu komai a hammata, babu a ko'ina.

Sai rigimar ta'amin. Takarda ta je musu da kalmar hashwa a ciki, suka dawo da ita cewa aikin kwalliya ne, ba sa biya. Malam ya yi kwana huɗu yana safa da marwa tsakanin ofishinsu da asibiti. Daktura ta sake rubuta rahoton, ta sa kalmar limfoma a layin farko da manyan baƙaƙe, ta haɗa da sakamakon gwaji. Muwafaƙa, wato amincewarsu, ta fito washegari.

An yi aikin a tsakiyar Shawwal. Ba zaro roba kawai ake yi ba. Dole a ɗauke ta tare da tantaninta gaba ɗaya, a dunƙule, ba tare da an fasa ba, don kada ruwan ya malale cikin ƙirji. Wahalar tana bayan robar, inda tantanin ke manne da haƙarƙari, sai an bi shi sannu-sannu ana ɗayewa. Awa uku da wani abu na yi a ciki. Na farka da siririn tiyo biyu a gefena, kowanne da 'yar kwalbarsa da ke janye ruwa. Na koma gida da su, 'yata ta ɗinka mini 'yar jaka da ragowar atamfa ina rataya su a wuya ƙarƙashin abaya. Kullum da safe mu auna abin da ya taru mu rubuta a bayan kalanda. Kwana goma sha ɗaya aka cire. Sakamakon tantanin ya nuna cutar ba ta keta shi ba, gefunan kuma tsaf. Babu kimawi, babu gashin kansa da na'ura. Na yi sujada a kan tayil ɗin ofishin Daktura, da ɗinki da komai.

Tun kafin aikin ta shimfiɗa mini zaɓi. Ana iya saka mai sumul daga baya, ana iya ɗebo nama da kitse daga cikina a gina wani, ko a bar wurin a shafe. Na tambayi Malam a mota, don ban iya tambayarsa a gida ba.

"Malam, in aka bar shi haka fa?"

Ya daɗe yana kallon titi. Ya ce, "Hajiya, ni ke nake so ki kai ni ga aurar da yaran nan. Sauran duk naki ne."

Na bar shi a shafe. Ba don ina ganin robar haramun ce ko guba ba. Mata da yawa suna ɗauke da ita lafiya, wannan cutar kuma ba kasafai take faruwa ba, binciken da aka yi ma bai nuna roba tana ƙara haɗarin ainihin kansar mama ba. Ni dai na gaji da shiga ɗakin tiyata. Kuma sai a wannan karon na ji abin da ya kamata in ji tun 2015, cewa roba ba ta zaman har abada, ko ba jima ko ba daɗe sai an canza ta, kuma a yanzu mai robar silikon ana so ta yi hoto bayan shekara biyar zuwa shida, daga nan duk bayan biyu ko uku. Tun 2021 a Amurka sai an bi wa mace jerin haɗurran ɗaya bayan ɗaya ta sa hannu kafin a saka mata. A 2022 ma hukumar FDA ta ƙara sanar da wata kansar daban da aka samu a tantanin wasu mata ƙalilan. Ni a nawa lokacin takardar da na sa wa hannu ta maganin barci na fi tunawa.

Inna ta ji labari bayan an gama komai. Ta yi fushi na kwana biyu, ta zo Jidda ta zauna mako uku tana dama mini kunun gyaɗa. Ba ta taɓa cewa ai na faɗa miki ba, ko sau ɗaya. Ita ce ma ta karɓi rigunan mamana ta yi wa kowace aljihu a ɓangaren hagu, ta cusa auduga, tana gwadawa a tafin hannu har nauyin ya yi mata daidai.

Cikin masu zuwa dubiya akwai wata ƙanwata ta wajen dangi, 'yar gayu, mai shagon turare. Ta bari kowa ya watse, ta rufe ƙofa, ta zauna a bakin gado.

"Yaya, don Allah kada ki gaya wa kowa. Ni ma ina da ita. Duka biyun."

A Turkiyya aka yi mata, bayan ta yaye na uku, da sunan ta je saro kaya. Mijinta kaɗai ya sani. Shekara shida ke nan, ba ta taɓa yin hoto ba, ko na gwajin kansar mama da ake kira ga mata su yi duk watan Oktoba ba ta zuwa, wai kada injin ya matse robar ta fashe, kada kuma a gan ta. Na ce mata ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan ta je ta faɗa wa mai ɗaukar hoton tun a bakin ƙofa, akwai yadda suke tura robar baya su jawo naman gaba su ƙara ɗaukar wasu hotunan, don roba kan tare wani ɓangaren. Na tambaye ta mai kaushi ce ko mai sumul. Ta ce wallahi ba ta sani ba. Kati fa? Ta ce kamar an ba ta wata takarda a ambulan, da yarensu.

Yanzu ina komawa wajen Daktura duk bayan wata shida, an ce idan shekaru suka yi nisa za a sassauta. Mau'idina na baya tare muka je da ƙanwar tawa, ta sa niƙabi har da safar hannu, ita da ko mayafi da ƙyar yake zama a kanta. Ambulan ɗin ta same shi a cikin akwatin lefenta. Tana zaune kusa da ni a layin jira, ta riƙe shi da hannu biyu, har aka kira lambarta.